Tsaga a Bangon Tsohon Banki

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a garin nan ya san Kar-ka-motsa. Daga bakinsa laƙabin ya fito, domin ba ya danna kyamara sai ya ɗaga yatsa ya ce, "To, kar ka motsa," ko da jariri ne a gabansa, ko da doki aka kawo a ɗauke shi tare da mai shi. Yara suka fara tsokanarsa da shi, manya suka karɓa, har ta kai matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Mutum ne siriri, mai sanyin magana, mai yawan wasiwasi. In ya rufe shago sai ya yi rabin hanya ya dawo ya sake jijjiga kwaɗon, ya tabbatar.

Shagon nasa yana cikin tsohon banki, ginin da ya girme shi nesa ba kusa ba. An yi shi ne zamanin da kasuwar garin take ci sosai, manyan motoci na yin layi suna jiran lodi. Da dutse aka gina shi, wanda aka faso daga tsaunin bayan gari aka sassaƙe shi tsaf, har ba ka iya zura wuƙa tsakanin wannan da wancan. Kaurin bangon ya isa mutum ya zauna a kan taga ya ajiye jakarsa a gefe. A gaba akwai ginshiƙai huɗu, da matattakala masu faɗi waɗanda tsakiyarsu ta lotsa saboda sawun mutane. Tagogin dogaye ne, samansu a lanƙwashe kamar baka, an gicciya musu sandunan ƙarfe. Silin ɗin yana da nisa ƙwarai, shi ya sa ko ana zafin da ya fi kowanne, cikin zauren da sanyinsa. A bene manaja yake zaune da iyalinsa, da barandarsu ta katako tana kallon titi. Can ƙurya kuma, a bayan ginin, akwai ɗakin ajiya, ba taga ba kafa, da wata ƙofar ƙarfe mai kaurin katifa, wadda ake buɗe ta da wani abu kamar sitiyarin mota.

Sau ɗaya ya shiga wurin tun yana banki, yana yaro, riƙe da gefen rigar mahaifinsa. Abin da ya riƙe a ransa shi ne sanyin daɓen a tafin ƙafarsa, da dogon kanta na baƙin katako mai sandunan tagulla, da yadda mahaifin nasa, mutumin da in ya yi magana a gida maƙwabta ke ji, ya koma yin raɗa kamar mai ciwon maƙogwaro.

Da aka fitar da sabuwar hanya ta bayan gari, kasuwa ta bi ta, banki ma ya kwashe ya bi kasuwa. Ginin ya daɗe a rufe, jemagu suka mai da benen gidansu. Daga baya wani ɗan kasuwa ya saye shi, ya sa aka yayyanka zauren da falanki aka yi shaguna. Lokacin da Kar-ka-motsa ya dawo daga babban birni inda ya koyi ɗaukar hoto, an riga an kama duk shagunan gaba. Mai agogo ya samu wanda yake da guntun tsohon kanta, mai takalma ya samu na bakin taga. Na ƙurya ne kaɗai ya rage, wanda yake haɗe da ɗakin ajiya, kowa ya leƙa sai ya ce duhu ya yi yawa. Shi kuwa duhun yake nema. Ya sa maƙeri ya kwance harshen makullin ƙofar ƙarfen, ya jawo wuta ya saƙala jan ƙwan lantarki, ya jera farantan ruwan magani, ya ɗaura igiyar shanya. Babu mai hoton da ya taɓa samun ɗakin wanke hoto irin wannan, ko ɗigon haske ba ya shiga. A bangon shagon na baya kuma ya rataya labule mai zanen lambu da tafki, inda mutanen garin suka yi ta tsayawa ana ɗaukarsu shekara da shekaru.

A wannan ƙurya ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, gashinsa ya yi fari. Da waya ta zo ta cinye kasuwar hoto, wasu masu hoton suka koma sayar da caja, shi ya tsaya. Ya samu 'yar na'urar buga fasfo, kuma tsofaffi ba su daina kawo masa tsofaffin fim su ce a fito musu da fuskar iyayensu ba.

Wata damina ce ya sauke labulen don a wanke masa, sai ya ga tsagar. Siririya ce kamar zaren ɗinki, ta taso daga daɓe kusa da ƙofar ƙarfe ta haura a karkace ta nufi silin. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce wa kansa shafe ne kawai ya dare, ai kowane tsohon gini yana da irinta. Amma sai da ya ɗauko fensir ya yi 'yar alama a inda ta tsaya. Da labule ya bushe ya mai da shi, ya rufe ta.

Bayan ruwa ya yi sau biyu ko uku ya ɗaga gefen labulen. Tsagar ta wuce alamar fensir da tsawon hannu, kuma bakinta ya buɗe har farcensa yana shiga. A kwanakin ne kuma ƙofar ƙarfen, wadda tun da ya san ta da yatsa ɗaya ake tura ta, ta fara gogar daɓe tana ƙara, kuma in ya bar ta a buɗe sai ta riƙa tahowa a hankali da kanta. Ya sassaƙo guntun katako ya riƙa tokare ta.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne bene. A can wata bazawara da kowa ke kira Gwaggo ta buɗe makarantar koyon ɗinki, ɗakunan manaja cike da kekuna da 'yan mata da matan aure. Da safe in suka hau aiki gaba ɗaya, ginin yakan ɗauki wani gurnani. Shekaru yana jin gurnanin nan bai taɓa damunsa ba. Yanzu kuwa kowace ƙara sai ta sa ya ɗaga kai ya dubi silin. Yana cikin saita mutum a gaban labule sai ya ga garin ƙasa yana zubowa daga sama a kan kafaɗar mutumin, ya miƙa hannu ya kakkaɓe yana murmushin dole.

A gida matarsa ta lura.

"Malam, abincin nan tun ɗazu juya shi kake yi. Gishiri ne ya yi yawa ko ni ce na yi yawa?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗinka na sani. Wancan karon da ka ce ba komai, haƙori aka cire maka."

Ya gaya mata. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "To me kake jira? Ka je ka faɗa."

"In faɗa wa wa? In hukuma ta ji, rufe wurin za su yi. Ba ni kaɗai ba ne, mutum nawa ke cin abinci a ginin nan?"

"In ya faɗo musu a ka fa, mutum nawa ke nan?"

Tambayar da yake yi wa kansa ke nan tun da ya ga tsagar.

Ya fara da mai agogo, abokinsa tun suna samari. Ya ja shi ƙurya ya ɗaga masa labule. Mai agogo ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya duba sama ya duba ƙasa, ya yi dariya.

"Kai dai ba ka rabo da neman abin tsoro. Ginin da ya ga kakanka, ya ga ubanka, shi ne zai jira sai yau? Sauke labulenka, don Allah. Kuma kar ka kuskura maganar nan ta fita, ka san mutanen ofis, da ma neman dalili suke su rushe wurin nan su yi tashar mota."

Ya hau bene wurin Gwaggo. Ta saurare shi da tef a wuya da allura a baki. Da ya gama ta cire allurar, fuskarta ta canza.

"Malam, ka dubi Allah. Yaran nan saura kaɗan su gama. Wasu da ƙyar mazajensu suka bar su suka fara, in aka rufe yanzu ba za su dawo ba. Ka bari damina ta wuce mana. Zan ce su rage gudu."

Ya sauko jikinsa a sanyaye. A zuciyarsa kuwa ya riga ya ɗora wa kekunan laifi, yana ganin jijjigarsu ce take cin bangon.

Ɗan kasuwan da ya sayi ginin ya daɗe da rasuwa, babban ɗansa ne ke kula da shi daga wani gari mai nisa. Kar-ka-motsa ya kira shi a waya, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga maganar.

"Haba Baba Mai Hoto, wannan ai ƙaramin abu ne," in ji magajin. "Zan turo magini ya shafe."

Magini ya zo ya cusa siminti ya goge, ya yi kyau kamar ba a taɓa yin komai ba. Kar-ka-motsa ya samu 'yan kwanaki yana cin abinci da daɗi. Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi, washegari ya ɗaga labule ya tarar sabon simintin ya rabe biyu, wani ɓangaren ya faɗo ƙasa. Da ya kara tafin hannunsa a bakin tsagar sai ya ji iska mai ɗanshi tana fitowa.

Daga nan ya zama wani iri. In hadari ya haɗo ba ya iya zama a shago. Ya riƙa fita matattakala yana tsayawa ba dalili, yana kallon matan da ke hawa bene da jakunkunansu, wasu da goyo. Kowace ta wuce sai ya ji kamar ya tare ta. Ya fara gaggauta masu ɗaukar hoto, shi da a da sai ya gyara wa mutum wuyan riga sau uku. Sau biyu yana kama hanyar ofishin ayyuka na gari, sau biyu yana juyowa daga bakin ƙofa, yana tuna fuskar Gwaggo da dariyar mai agogo. In ya faɗa aka rufe kuma ba abin da ya faru, da wane ido zai dube su? In ya yi shiru kuma fa?

Ran nan da hantsi, ana yayyafi, ya shiga ɗakin ajiya ɗauko wani fim da wata tsohuwa ta bari. Ya tokare ƙofa kamar kullum. Yana duƙe yana bincike a akwati sai ya ji katakon ya zame, ya ji ƙarfe yana jan daɓe. Kafin ya miƙe ƙofar ta rufo, ta shige gurbinta da wata ƙara mai nauyi da ya ji har a haƙoransa. Ya lalubo makunnin jan ƙwai, ba wuta. Ya sa kafaɗa ya tura, ko gezau. Makulli ba ya aiki, ya sani, shi da kansa ya sa aka kwance shi; gurbin ne ya karkace ya cije ta.

Ya yi shekaru a cikin duhun ɗakin nan bai taɓa jin tsoronsa ba sai ranar. Ya yi kira, muryarsa ta dawo masa. Ya tuna bangon nan an yi shi ne don kada komai ya ratsa. Ta sama yana jin gurnanin kekuna can ƙasa-ƙasa, da 'yar tsakuwa tana zubowa cikin farantan magani, ɗis, ɗis. Ya ji numfashinsa yana guntulewa. Ya lalubo ƙafar kyamara ta ƙarfe ya yi ta buga ƙofar, ya huta, ya sake bugawa, gumi na shiga masa ido. Abin da yake ta zuwa masa a rai ba mutuwarsa ba ce. Gani yake idan bangon ya tafi yanzu, matan nan za su rufto da kekunansu da goyonsu, kuma shi kaɗai ne ya san tsawon tsagar da faɗinta.

Tsohuwar mai fim ce ta dawo ta tarar da shago a buɗe ba kowa, ta ji bugu kamar daga ƙarƙashin ƙasa, ta fita tana salati. Mai agogo da mai takalma suka shigo suka ja sitiyarin, ya ƙi. Sai da aka kira masu faci daga bakin titi suka zo da dogayen ƙarafan cire taya, suka zura, mutane suka taru a kai, sannan ƙofar ta saki.

Ya fito rigarsa sharkaf da gumi. Mai agogo ya riƙe shi yana cewa, "Zauna, zauna, a kawo ruwa." Bai zauna ba. Ya fizge labulen gaba ɗaya har ƙusoshin suka fita, kowa ya ga abin da ke baya. Ya ratsa su ya sauka matattakala, ya bi cikin yayyafi ba laima har ofishin ayyuka.

Injiniyar da aka turo yarinya ce sa'ar 'yarsa ta biyu, da hular kwano da takalmin roba. Ta duba tsagar, ta auna, ta hau bene ta taka ko'ina, sannan ta zagaya bayan ginin ta daɗe. Ya bi ta a baya kamar mai rakiyar mara lafiya wurin likita.

"Ranki ya daɗe, kekunan nan ne ko?"

"A'a Baba, kekuna ba su da laifi. Zo ka gani."

Ta nuna masa. Waɗanda suka yi ginin sun fitar masa da magudanar ruwa ta dutse a baya, wadda take kwashe ruwan rufi ta kai shi kwata. Shekarun baya aka gina wasu 'yan shaguna a jikin bangon, aka toshe ta da siminti. Tun daga lokacin duk ruwan da ya sauko daga kwano a gindin bango yake nutsewa, yana wanke ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakin ajiya, wanda ya fi ko'ina nauyi. Ɗakin yana zaunawa a hankali, yana jan bangon baya tare da shi. Kunya ta kama shi, ya tuna irin hararar da ya yi ta yi wa silin.

"Zai faɗi?"

"Ban san yaushe ba. Yana iya kai shekaru, yana iya zama ruwan jibi. Amma ba zan bar mutum ya hau benen nan gobe ba."

Kafin la'asar an manna takarda a ginshiƙi, an ɗaura jan ƙyalle a matattakala. Ya tsaya yana kallo ana saukowa da kekuna ɗaya bayan ɗaya, mata na riƙe da kawunan keken kamar jarirai. Gwaggo ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba. Mai takalma ya yi ta faɗa da iska. Mai agogo ya tattara agogunansa a kwali, ya zo dab da shi ya ce a hankali, "Ka huta yanzu?" Wannan maganar ta fi masa zaman ɗakin duhu ciwo.

Watannin da suka biyo baya ba su yi masa sauƙi ba. Ya kwaso kayansa ya zuba a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa. Kullum sai ya je ya tsaya a tsallaken titi yana kallon ginin. Ginin kuwa yana nan tsaye ƙyam, ruwa ya yi ta zuba, ko dutse ɗaya bai faɗo ba. Mutane suka riƙa wucewa suna cewa, "Kar-ka-motsa, ginin naka fa ya ji maganarka, bai motsa ba." Yakan yi yaƙe. Har ya kama kansa wata rana yana fatan ko ɗan gefe ya zube don a san ba ƙarya ya yi ba, ya yi istigfari ya koma gida. Jita-jita kuma ba ta tsaya ba: yau a ce za a rushe duka, gobe a ce an sayar, jibi a ce magajin ya kai ƙara. Babbar 'yarsa, malamar asibiti, ta zo ta auna jininsa ta ce ya hau, ta ce, "Baba, in ka sake zuwa titin nan, ni da kaina zan kwantar da kai."

Sai da rani ya shigo aka yanke shawara. Injiniyar ta dage a kan cewa gaban ginin lafiyarsa lau, dutsen ginshiƙan zai iya ƙara wasu shekarun masu yawa, asara ce a taɓa shi. Aka amince a sauke bayan kawai. Ya saɓa wa 'yarsa ya je ranar da aka fasa daɓen ɗakin ajiya. Da gudumar farko ta ratsa, sai ta zurma. A ƙarƙashin inda ya yi shekaru yana tsayawa yana wanke hoto akwai rami wanda zai haɗiye mutum har ƙirji, da ruwa baƙi kwance a ciki. Ma'aikatan suka ja da baya. Shi ma ya leƙa sau ɗaya, ya nemi dutse ya zauna. Ƙofar ƙarfen kuwa sai da aka kawo motar ɗaga kaya, ta fita da ita tana lilo a sarƙa, yara na bin ta da ihu.

An gyara gaban, an buɗe magudanar, an cire falankin da ya raba zauren, wani kantin magani ya kama wurin gaba ɗaya. Babu wanda ya koma cikin tsofaffin masu shago. Mai agogo ya tafi garin da ɗansa yake, ko sallama ba su yi ba, kuma har yau in aka ambace shi Kar-ka-motsa yakan sauya magana. Gwaggo ta kafa rumfa a tsakar gidanta, ɗalibanta sun ragu da kusan rabi. Wata rana da yamma sai ga ta a ƙofar gidansa da waɗanda suka kammala, kowace sanye da ɗinkin hannunta.

"Malam, an ce ka ga ramin."

"Na gani, Gwaggo."

"Ni ma na je na gani." Ta gyara mayafinta. "To, ga su nan, hoto muke so. Ka ɗauke su da kyau, kar ka yi mana irin gaggawar nan da ka koya."

Matarsa ta fito da kujeru, ya jera su a jikin katangar gidan, dogaye a baya. Sai da ya sake ɗauka sau biyu kafin ya samu wanda ya gamsu da shi.